Wata Nawa Ne Makokin Kawu Zenon

Oakland, California
4 ga Satumba, 1971

Zuwa ga taubashina Ovide,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarka Eula da duk mutanen Coulee Rouge. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke sanar da ni hadari tun gidan rediyo bai sani ba. Maigidana Clovis yana gaishe ka. Har yanzu yana aikin tashar jiragen ruwa, har yanzu kuma yana cewa baɗi za mu dawo gida, yau shekara ashirin da shida ke nan.

Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu, don na san ka da rawar jiki.

Mutanenmu na Louisiana sun yi yawa a garin nan, har Fada, limamin cocinmu, ya yarda ya ba mu zauren coci mu yi rawa irin ta gida ranar Asabar, 27 ga Nuwamba. Rana ɗaya tak ya bayar, don washegari za a shiga makonnin shirin Kirsimeti, ka kuwa san ba a rawa a cikinsu. Matan kwamiti muka zauna a kan wa zai yi kiɗa. Ozelia, mai bakin nan da ka sani, ta miƙe ta ce ƙanin mijinta yana da jita mai lantarki, ga shi nan kusa ba sai an ɗauko shi daga nesa ba. Na ce mata, "Ozelia, mutanen nan sun gaji da lantarki. Akodiyon suke marmari, akwatin kiɗan nan da ake matsawa, da allon wankin da ake kankara, kiɗan zaideko na gaske wanda zai sa tsohuwa ta manta inda ta ajiye sandarta. Duk ƙasar Opelousas kuwa ba mai ja da Ovide Lemelle." Aka ɗaga hannu, na kayar da ita. Tun daga ranar, da hanci take amsa gaisuwata.

Don haka ka shirya. Mutum ɗari huɗu muke sa rai. Shekara arba'in da tara kana matsa akwatin nan a gidajen biki da rumfunan rawa, ranar Litinin ka koma injin shinkafa, kuma iyakar tafiyarka Houston, ita ma sau ɗaya. Shekararka hamsin da takwas, Ovide. In wannan ta wuce ka, ban ga ranar da za a sake kiranka California ba.

Ka gaida Gwaggo Selima. Ka gaida Kawu Zenon, ka gaya masa yaron da ya ce ba zai taɓa iya kiɗa ba, yau jirgin ƙasa zai ɗauke shi kwana biyu don a je a saurare shi.

Taka,
Armantine

Coulee Rouge, Louisiana
11 ga Satumba, 1971

'Yar'uwa Armantine,

Takardarki ta iso ranar Alhamis. Ta same mu da lafiyar jiki, amma ba ta same mu cikin daɗin rai ba. Kawu Zenon ya rasu ranar Lahadi, 5 ga wata, a kan kujerarsa ta baranda, bayan ya sha miyar gumbo kwano biyu ya ce wa Eula gishiri ya yi kaɗan. Mun binne shi ranar Talata. Saƙonki bai riske shi ba, ko da ya riske shi ma na san amsar, cewa zai yi mutanen California ba su da kunne.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Da akodiyonsa na koya, ina ɗan shekara tara, ina zaro shi daga ƙarƙashin gado in ya tafi gona. Ranar da ya kama ni bai doke ni ba. Ya zauna ya saurara, ya ce, "Kana matsa shi kamar mai tatsar saniya." Daga ranar har ya mutu bai canja ra'ayi ba. Ko lokacin da na yi faifaina guda ɗaya a Houston, ya saurara har ƙarshe, ya ce mai kankara allon wanki ya yi ƙoƙari.

To ga matsalar. Dawowarmu daga maƙabarta ke da wuya Gwaggo Selima ta shigo gidana da baƙar rigarta, ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, "Ina akwatin?"

Na ce, "Wane akwati, Gwaggo?"

Ta ce, "Wanda kake hana bayin Allah sakat da shi."

Ta sa Eula ta ɗauko akodiyon ɗina, aka kai gidanta, ta kulle shi a babban kabad ɗin nan nata, ta rataye makullin a wuya tare da carbinta.

Kin san ƙa'idar, amma tun da kin daɗe a cikin masu lantarki bari in tuna miki. Uwa ko uba, shekara guda. Kawu ko gwaggo, wata shida. Ɗan kawu, wata uku. Dangi na nesa, mako shida. A cikin kwanakin ba kiɗa, ba rawa, ba rediyo, mata cikin baƙi, maza da baƙin ƙyalle a hannun riga. Gwaggo ta yanke mana wata shida, sai 5 ga Maris ke nan.

Na karanta mata takardarki ina tsaye. Na ce, "Gwaggo, mutum ɗari huɗu fa." Ta ce, "Su ma za su mutu, a yi musu nasu."

Kada ki ce in ari na wani in sulale. Eula ta ce in na yi haka ba za ta ƙara iya ɗaga kai a coci ba, kuma kin san babu mai rumfar rawa a ƙasar nan da zai sake kiran wanda ya karya makokin kawunsa. Amma tsakanina da ke, ina son zuwan nan har abinci ba ya shiga mini sosai.

Naki,
Ovide

Oakland
18 ga Satumba, 1971

Ovide,

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba mu haƙuri. Na sa an yi masa addu'a a cocinmu ranar Lahadi. Na tuna yadda yake fasa mana gyaɗar pikan da haƙori muna yara yana faɗa mun cika ci, yana kuma ƙara fasawa. Muna lafiya, da fatan ku ma haka.

Na share hawaye na ɗauko kalanda. Ko Gwaggo ta sauko zuwa wata uku, 5 ga Disamba zai faɗa, kwana takwas bayan rawarmu. Mutumin nan har a mutuwarsa sai da ya ɓata maka kiɗa. Mako shida kaɗai zai fisshe mu, wato 17 ga Oktoba.

Ina cikin wannan lissafi sai wata tambaya ta faɗo mini, ta hana ni zama. Shi Kawu Zenon, kawun wa ne? Babana Kawu yake ce masa. Mahaifiyarka Kawu take ce masa. Gwaggo Selima da kanta Kawu take ce masa, alhali shekara huɗu kacal ya ba ta. Ai mutum ba ya zama kawun kowa da kowa. Na tambayi Clovis, ya ce shi a zatonsa ta wajen uwa ne. Na ce uwar wa? Ya koma kan jaridarsa.

Ga aikinka. Ka je wajen Fada ya buɗe maka littafin baftisma. Ka je Grand Coteau wajen Madam Azema, shekararta casa'in da bakwai kuma ba abin kunyar wani gida da ta manta. In ta tabbata dangi ne na nesa, Gwaggo ba ta da ta cewa, don ita ce mai ƙa'ida. Kafin nan ka gwada gaya mata cewa makoki ba ya ƙetare iyakar Texas. Ban san ko haka ne ba, amma ita ma ba ta taɓa ƙetarewa ba balle ta musa.

Ban ce wa kwamiti komai ba. Ozelia ta ji labarin rasuwar ta bakin 'yarta da ke can wajenku, ta zo har gida yi mini ta'aziyya, fuskarta fal murna tana ƙoƙarin danne ta. Ta ce, "Ayya, ai sai shekara ke nan ko?" Na ce mata dangi ne na nesa. Na riga na faɗa, Ovide, saura kai ka mai da ita gaskiya.

Armantine

Coulee Rouge
29 ga Satumba, 1971

'Yar'uwa,

Muna lafiya. Ciwon baya ya ɗan matsa wa Eula amma da sauƙi. Girbin shinkafa ya kankama, injin ba ya tsayawa, shi ya sa amsar ta yi jinkiri.

Na kai wa Gwaggo maganar iyakar Texas. Ta ce, "Wanda ya halicci Louisiana shi ya halicci California, ko da yake ban san dalilinsa ba." Na bar wannan, na zauna na sha kofinta, na yabi furanninta, sannan na tambaye ta a hankali ta wane ɓangare Kawu yake kawunmu. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ta ɓangaren da ya wanke maka kashi kana jariri." Na tashi na yi mata sai an jima.

Yanzu ga abin da na yi, kuma kada ki yi mini dariya. Yatsuna sun fara sandarewa. Na yi ta danna maɓallan rigata a wurin aiki har abokan aiki suka ce ko ƙaiƙayi nake ji. Ran nan na kasa haƙuri, na je wajen Alside Papillon na ari akodiyonsa. Kin san shi, shekara talatin muna ƙwace wa juna bukukuwa, amma ya ba ni, don yana son a ce ya taɓa yi mini alheri. Na tafi rumbun dankalin Alside, mil guda da rabi daga gidan Gwaggo, da tsakar rana. Na rufe ƙofa, na toshe kafofi da buhuna, na yi kiɗa biyu a hankali.

Ban gama na uku ba na ji mota ta tsaya. Gwaggo ce, maƙwabcinta ta sa ya kawo ta. Matar da in likita na magana sai ta ce kunnenta ya mutu.

Na fito da sauri na ce, "Gwaggo, Alside ne yake gwaji."

Ta ce, "Alside yatsunsa goma cif. Wanda na ji, duk inda kiɗa ya hau sama sai ya tsallake murya ɗaya, don injin shinkafa ya cinye masa kan ƙaramin yatsa. Miƙo."

Na miƙa. Ta tafi da shi ta kulle tare da nawa. Yanzu Alside, wanda ba wanda ya mutar masa, shi ma yana cikin makoki, ga shi yana da bikin aure ranar Asabar. Kwana uku ke nan yana tsayawa a ƙofar gidanta da hula a hannu. Jiya ta leƙo ta ce masa za ta duba lamarin. Ni kuwa in ya gan ni a hanya sai ya tofar da yawu.

Zan je wajen Fada da Madam Azema in an gama girbi.

Naki,
Ovide

Oakland
19 ga Oktoba, 1971

Ovide,

Ina fata kana raye, don mako uku ban ga rubutunka ba. In hannunka ne ya karye, Eula ta iya rubutu. Mu dai muna lafiya, sai gwiwa.

Na karanta takardarka ta ƙarshe sau biyar. Ka cika shafi biyu da rumbun dankali da Alside, sannan a can ƙasa ka ce za ka je wajen Fada "in an gama girbi". Girbin wace shekara? Ni abin da na fahimta shi ne ka saduda, kana jin kunyar faɗa mini. In haka ne ka fito fili.

An riga an buga takardun talla, an liƙa su a shagunan aski daga nan har Richmond. Hoton da ke jikin faifanka na sa, na lokacin da kake da gashi, don haka in ka zo kada ka cire hula.

Ozelia ta tona zancen a gaban kwamiti. Ta ce 'yarta ta rubuto mata duk gidanmu suna cikin baƙi har ƙafa, wane irin dangi na nesa ne wannan? Ƙanin mijinta har ya fara zuwa zauren yana auna inda zai ja wayarsa. An ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo tabbaci. Mako shidan sun cika shekaranjiya, kai kuwa kana can kana danna maɓallan riga.

Armantine

Coulee Rouge
25 ga Oktoba, 1971

'Yar'uwa Armantine,

Ina raye, hannuna lafiya, kowa lafiya. Ki ajiye faɗan, don abin da na samo ya fi wanda kika aike ni.

Coci uku na zaga. Fada ya buɗe mini littattafai tun daga na kakannin kakanninmu, na yi ta atishawa cikin ƙura. Babu Zenon a gidanmu, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Daga nan na wuce Grand Coteau. Madam Azema tana kan kujerarta, ido ya tafi amma baki na nan. Ina faɗin sunan ta fara dariya har sai da aka ba ta ruwa.

Ta ce, "Zenon? Ai makiyayi ne, ya koro shanu daga wajen Texas. Shekarar auren Selima, 1906, makaɗin da aka ɗauko ya kwanta zazzaɓi. Kakanku ya ga wani saurayi a bakin hanya da akodiyon ɗaure a sirdi, ya ce zo ka fisshe mu kunya. Ya yi kiɗa kwana biyu. Ran na uku aka yi ruwa, gada ta tafi. Kakanku ya ce masa ya zauna har ruwa ya janye."

Na ce, "Sai me ya faru?"

Ta ce, "Ruwa ya janye bayan kwana huɗu. Ba wanda ya gaya masa, shi ma bai tambaya ba."

Yara suka fara ce masa Kawu don ba a kiran babba da sunansa, manya suka bi yara. Shekara sittin da biyar ke nan, Armantine. Ba dangi na nesa ba ne, ba dangi ba ne sam. Na koma wajen Fada ya rubuta mini takarda ya buga hatimi.

Jiya Lahadi muka taru cin abinci a gidan Gwaggo, mu goma sha tara, kowa cikin baƙi. Na jira aka zuba shinkafa, na miƙe, na gyara murya, na karanta. Na ƙara da labarin gada.

Gwaggo ta ce, "Ka gama?"

Na ce, "Na gama."

Ta ce, "A bikina ya zo, Ovide. Kana tsammani ban san wanda ya yi kiɗan aurena ba?"

Sai ta cire makullin daga wuyanta ta ajiye kusa da kwanona. Ta ce, "Tun da ka kawo takarda, ƙa'ida ƙa'ida ce. Ba a yi wa baƙo makoki. Kowa ya cire baƙi." Ta shiga ɗaki ta fito da riga mai furanni, ta zauna ta ci gaba da cin abincinta. 'Yan matan gidan suka ruga wajen rediyo. Eula ta warware mini ƙyallen hannun riga, har muka iso gida ba ta yi mini magana ba, ban san me na yi mata ba.

Akodiyon yana gabana yanzu haka. Na Alside tuni aka mayar masa, bayan bikin ya wuce. Ki gaya wa Ozelia ta ce wa ƙanin mijinta ya naɗe wayarsa. Zan taso ranar 23 ga Nuwamba, da ni da Dudley mai allon wanki.

Naki,
Ovide

Oakland
30 ga Oktoba, 1971

Taubashina na kaina,

Lafiya lau, har gwiwar ta warke. Na karanta takardarka a gaban kwamiti, na tsallake abin da bai shafe su ba. Ozelia ta ce ita dama zaideko take so tun farko. Na ce mata na sani.

Mun gyara maka ɗakin baya. Clovis zai tarye ku a tasha. Ka zo mana da garin gumbo da barkono na gida, na nan ba ya jin komai. Kada ka manta hula. Na daɗe ban yi farin ciki irin na yau ba, Ovide.

Armantine

Coulee Rouge
2 ga Nuwamba, 1971

'Yar'uwa,

Muna lafiya. Na san takardarki tana hanya kuma na san murna ce a cikinta, shi ya sa nake rubuta wannan da sauri, kafin ta iso ta karya mini gwiwa.

Tun da na karɓo akodiyon kullum da yamma ina kiɗa a baranda. Yatsun sun dawo. Abin da ya dame ni, in na gama sai in juya wajen kujerar Kawu ina jiran a ce mini ban iya ba. Eula ta ce ya yi daɗi. Maƙwabta suka ce ya yi daɗi. Ban taɓa sanin yabo yana da gundura haka ba.

Jiya ranar Dukan Tsarkaka ce. Kin tuna yadda ake yi. Tun da safe maƙabarta ta cika, kowane gida da bokitin farar ƙasa da buroshi da furanni da kwandon abinci, kowa yana wanke kaburburan nasa yana shafe su. Gwaggo tana tsakiya da sandarta tana nuni: kakanmu, kakarmu, babanki, mahaifiyata, mijinta, jariran nan biyu. Kafin tsakar rana layinmu ya yi fari tas. A ƙarshen layin ga na Kawu, simintinsa sabo, toka-toka, ciyawa ta fara cin gefensa.

Eula ta ɗauki bokiti ta nufe shi. Gwaggo ta ce, "Ina za ki? Namu sun ƙare." Eula ta tsaya.

Muna nan sai ga wata mata daga gidan su Auzenne ta zo wucewa da furanninta. Ta dubi kabarin ta ce, "Wannan bawan Allah ba shi da kowa ne?" Gwaggo ta ce mata, "Tambayi Ovide, shi ke da takarda."

Takardar kuwa tana aljihuna, da hatiminta da komai. Duk maƙabartar nan, Armantine, har ɓarayin shanu da waɗanda suka mutu a gidan giya an shafe su, kowa yana da wanda ya tuna da shi. Mutum ɗaya ne ba shi da kowa, kuma ni na zaga coci uku na mai da shi haka. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na karɓi bokitin daga hannun Eula. Na durƙusa na cire ciyawar, na shafe shi, ina shafawa hawaye na zuba a ciki. Da na gama na je gaban Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo, mutumin da ya goya ka, ya koya maka sana'a, ya zage ka shekara arba'in da tara bai gaji ba, wata nawa ne nasa?"

Ta ce, "Babu wannan a ƙa'ida."

Na ce, "To uba fa?"

Ta ce, "Shekara guda. Ka kuma bar tabo a kusurwar can, koma ka gyara."

Da yamma na kai akodiyon gidanta da kaina, na sa a kabad, na murɗa makullin na ba ta. Na tarar har ta mai da baƙar rigarta. Eula ta ɗinka mini ƙyallen a hannun riga, yau kuma ta fara yi mini magana.

Ba zan zo ba. Na san abin da na jawo miki a gaban matan nan, na kuma san abin da na bari. Ina son zuwan har yanzu, bai ragu ba ko kaɗan. Ki yafe mini.

Naki,
Ovide

Oakland
29 ga Nuwamba, 1971

Ovide,

Muna lafiya, gwiwar ta dawo. Da fatan ku ma kuna lafiya. Na rubuta maka takarda uku a watan nan na yaga, don da ka karanta ko ɗaya a ciki da zumuncinmu ya ƙare.

An yi rawar shekaranjiya. Mutum ɗari huɗu da ɗoriya. Jitar ƙanin mijin Ozelia ta ɗauke wutar zauren sau biyu, amma mutane sun yi rawa, ba zan yi maka ƙarya ba. Ozelia ce shugabar kwamiti yanzu. Ba na jin za a sake kiranka, kuma gara ka ji daga bakina.

Ni ban taka ko sau ɗaya ba. Na tsaya a kicin ina juya gumbo. Tsofaffi suka yi ta leƙowa suna tambaya ina mai gashin nan na jikin talla, na ce musu yana makokin babansa. Wata ta ce ai ta san babanka, ya rasu tun kafin yaƙin duniya. Na ce mata wannan wani ne, na ci gaba da juya tukunya.

Ba kai kaɗai ka zaga cocin nan uku ba, Ovide. Ni na aike ka, da kalanda a hannuna, mutumin ko mako biyu bai yi a ƙasa ba. Wannan ne ya hana ni aiko takardun nan uku, ba tausayinka ba.

Ka gaida Eula. Ka je wajen Gwaggo ka tambayar mini: in mutum ya zama uban taubashinka bayan ya mutu, wata nawa ne a kanka? Jiya na rina rigunana biyu, suna kan igiya. Kwanakin kawai nake jira ta faɗa.

Taka,
Armantine